Sashen Jami'a da Tsarin Shekara Biyar: Me Ya Haɗa Digirinka da Tafkin Kainji?

Kamar kullum, ga rubutaccen abin da na faɗa, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro.

Yau zancen jami'a za mu yi. Akwai wani abu da ɗalibi ba ya ganinsa da ido, amma shi ke yanke hukuncin ko takardar da zai fito da ita za ta yi nauyi ko ba za ta yi ba. Abin nan shi ne tsarin dogon zango na sashe, wato malaman sashe su zauna su rubuta inda suke son su kai nan da shekara biyar, da hanyar da za su bi, da abin da za su haƙura da shi. Misalaina kuma daga ƙasar Yauri zan ɗauko su, wato Yauri da Ngaski da Shanga da bakin tafkin Kainji, domin a nan ne abin ya fi fitowa ƙarara.

A sashe ake dafa digiri

Mu fara da yadda gidan yake. A sama akwai shugaban jami'a, wanda muke ce wa VC. Akwai majalisar malamai ta jami'a, wadda ita ke amincewa da kwasa-kwasai da sakamakon jarrabawa. Ƙasa da su akwai tsangaya, misali tsangayar aikin gona ko ta kimiyya. A cikin tsangaya kuma akwai sassa, kowanne da shugabansa, HOD kenan.

To kai ɗalibi, sau nawa ka ga VC tun da ka shiga makaranta? Wataƙila ranar rantsar da sababbin ɗalibai, sai kuma ranar yaye ku. Amma wanda zai koyar da kai, da wanda zai duba furojet ɗinka, da ɗakin gwaje-gwajen da za ka shiga, da wurin da za a tura ka koyon aiki, duk a sashe ake yanke su. Jami'a na iya yin suna a duniya, sashenka yana fama. Haka kuma ƙaramar jami'a na iya samun sashe guda da ya gagara. Shi ya sa nake cewa in za ka auna makaranta, ka auna sashen da za ka zauna a ciki.

Shi tsarin dogon zango daban yake da jadawalin lakca, daban yake da kasafin kuɗin shekara. Jadawali na samista ɗaya ne, kasafi na shekara ɗaya. Shi kuwa tsarin, tambayoyi huɗu yake amsawa. Ina muke yanzu? Ina muke son zuwa? Ta wace hanya, da kuɗin wa, kuma wa zai yi? Sannan ta yaya za mu gane mun isa? Duk takardar da ba ta amsa huɗun nan ba, ko da shafi ɗari ce, jerin buri ce kawai.

Lissafin da ke tilasta wa sashe yin tsari

Wani zai ce, to mene ne na wahalar da kai, ba sai a riƙa yi ana gyarawa ba? Amsar tana cikin dokokin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC. An kafa ta a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu ƙarfin doka a 1974. Kafin jami'a ta buɗe sabon kwas, sai NUC ta turo mutane sun duba ko akwai malamai da kayan aiki. Bayan an fara kuma, lokaci-lokaci sai a zo tantancewa. Sakamakon iri uku ne. Akwai cikakkiyar amincewa, wadda ke ɗaukar shekara biyar. Akwai ta wucin gadi, shekara biyu, a gyara a sake zuwa. Akwai kuma hanawa, wadda ke nufin a daina ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin har sai an gyara. Don sashe ya samu cikakkiya, sai ya ci kashi 70 cikin 100 a jimla, kuma ya ci hakan a manyan fannoni huɗu: harkar karatu, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare.

Yanzu ku saurari lissafin malamai, don a nan gizo ke saƙar. A ma'aunin NUC, a fannin harsuna da tarihi da zamantakewa, malami ɗaya na ɗalibai 30 ne. A kimiyya, ɗaya na 20. A aikin gona da injiniyanci, ɗaya na 15. A likitanci, ɗaya na 10. Kuma ba a yarda duk malaman su zama ƙanana ba. Ana son kashi 20 cikin 100 su zama farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 ƙananan.

Mu ɗauki misali. A ce sashen kiwon kifi yana da ɗalibai 300. Ka raba da 15, malamai 20 kenan. A cikinsu huɗu su kasance a matakin farfesa ko mai bi masa, bakwai manyan lakcarori, tara ƙanana. To ina za ka samo huɗun nan? Ba a sayen farfesa a kasuwa. Digiri na uku kaɗai yana cin aƙalla shekara uku. Ƙarin girma daga mataki zuwa mataki a yawancin jami'o'inmu sai bayan shekara uku, kuma sai da rubuce-rubucen bincike da aka buga. Wanda ya shiga a mataimakin lakcara, matakai biyar ke gabansa kafin farfesa, wato shekara 15 in komai ya tafi daidai. A ɗaya gefen kuma, farfesa yana ritaya ne a shekara 70 da haihuwa. Ka ga kenan sashen da ke da farfesa biyu masu shekara 66 da 67, in bai fara renon magada yau ba, ya riga ya san ranar da zai faɗi tantancewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke faruwa in ba a yi tsarin ba, duk wanda ya zauna a jami'a ya ji labarinsa. Sati biyu kafin zuwan masu tantancewa sai ka ga ana fenti, ana aro na'urori daga wani sashe, ana rubuta sunayen malaman da ba a taɓa ganinsu a aji ba. Baƙi na tafiya, kaya su koma gidajensu. Takarda ta ce sashe ya ci, amma ɗalibin da zai yi gwaji a wata mai zuwa ya tarar da teburi fayau. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma wanda katararsa ke waje shi ne ɗalibi ranar da ya je neman aiki aka ce ya nuna abin da ya iya.

Kashi 30 da aka bar wa jami'a

A watan Disamba na 2022, NUC ta fito da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, ta maye gurbin tsohuwar da ake kira BMAS. Babban abin da ya canja shi ne, hukumar ta rubuta kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta ce kowace jami'a ta cike kashi 30 da kanta, gwargwadon buƙatun wurin da take. Ƙungiyar ASUU ta soki tsarin, tana ganin an shiga hurumin majalisar malamai ta jami'a, kuma wannan muhawara ce mai tushe. Amma ko da wane ɓangare kake, kashi 30 ɗin nan ƙofa ce. Tambayar ita ce, me sashe zai zuba a ciki? Zai kwafo na wata jami'a ne ya canja suna, ko zai leƙa ta taga ya ga abin da ke kewaye da shi?

To mu leƙa ta tagar. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, tana da jami'o'in gwamnati uku: ta kimiyya da fasaha a Aliero da aka kafa a 2006, ta tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, 2013, da ta aikin gona ta tarayya a Zuru, 2020. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke bakin tafki. A Yelwa akwai kwalejin share fagen shiga jami'a. Sannan a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai. Ma'ana, ɗan Shanga ko ɗan Warra da ke son ilimin jami'a ya taɓa rayuwar garinsu, hanya mafi kusa ita ce sassan da ke akwai su saka garin nasu cikin tsarinsu.

Kuma abin sakawa yana nan jibge. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, ya miƙo tun daga jihar Neja har ƙasar Yauri. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, tsohon garin Busa ma ruwa ya cinye shi. A shekarar 1968 ɗin aka fara aikin binciken tafkin, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, da ke New Bussa. A garin kuma akwai kwalejin tarayya ta koyon fasahar kifi da ta kula da namun daji. Wato sama da shekara hamsin ana tara bayanai a kan ruwan nan.

Sashen kiwon kifi da ya san abin da yake yi, wannan ai gado ne ya tarar. Tafkin yana da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, ga ƙananan kifayen nan da ake ce wa warangi. A shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a kan kamun kifin tafkin, kuma ɗaya daga cikin manyan matsalolin da ya tunkara ita ce babbar komar nan mai ƙananan idanu da ake ce wa dala, wadda in an ja ta don warangi take haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye. Tambayoyin da suka biyo baya har yau na nan: nawa ake kamawa a shekara, wane kifi ke raguwa, nawa ke lalacewa tsakanin kwale-kwale da kasuwar Yauri, wace irin banda ce ta fi rage asara da cin itace? Kowace tambaya a nan furojet ce ta ɗalibin ajin ƙarshe. In an jera su shekara biyar, kowane rukuni ya ɗora a kan na baya, sashe ya tara ilimin da babu mai shi sai shi.

Sashen aikin gona fa? Yauri da Aliero duk sun yi suna a albasa. Kowa ya san yadda farashinta ke faɗuwa lokacin kaka, ya haura bayan 'yan watanni, kuma abin da ke tsakanin farashin biyu shi ne ajiya. Manomi ya zuba a rudu, wani kaso ya ruɓe. Sashen da ya ce cikin shekara biyar zai gwada hanyoyin ajiya uku a ƙauyukan Shanga, ya auna asarar kowacce da sikeli, ya fitar da sakamakon da Hausa, ya yi wa jama'a aikin da za su gani a aljihunsu. Ga shinkafar fadama, wadda ambaliyar 2020 ta yi wa mummunar ɓarna a Kebbi. Ga tumatir, tunda kamfanin GBfoods ya kafa gona da masana'anta a ƙasar Ngaski, wurin da ɗalibi zai iya koyon aiki.

Sashen ilimin ma'adinai da na kimiyyar sinadarai su ma suna da nasu. Ana haƙar zinare da hannu a ƙasar Yauri. Mun san abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400, saboda ana daka dutsen ana niƙa shi a cikin gidaje. Ga kuma zaiba da ake wanke zinare da ita, wadda in ta shiga ruwa kifi ke ɗauka. Sashen da ya tsara auna ƙasa da ruwan wuraren haƙa duk shekara, zai iya ganin haɗari kafin ya kai ga asibiti.

Injiniyoyi kuma, a tuna da 26 ga Mayu, 2021. Jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya kife a kusa da Warra, kaɗan ne ƙwarai aka ceto da rai. Yadda ake ƙera jirgin katako, iyakar nauyin da zai ɗauka, taswirar kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, rigar kariya mai araha da za a iya ɗinkawa a gida, duk waɗannan aikin injiniya ne, kuma akwai hukumomin da abin ya shafa, irin su NIWA mai kula da hanyoyin ruwa da HYPPADEC mai kula da yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa.

Kada 'yan harsuna da tarihi su ce an bar su a baya. Harshen Shangawa yana cikin dangin harsunan Mande, ɗan'uwan Busa da Boko da Kyanga, kuma dangi na nesa ga Bambara na ƙasar Mali. Yau a ƙauyuka kaɗan ake jin sa, irin su Sakace, yawancin masu asalin sun koma Hausa. Haka Reshe, harshen Gungawa, yake fama da matsin Hausa. Mu Hausawa mukan yi kukan Turanci na cinye mana harshe, alhali namu harshen ma yana cinye wasu. Duk tsohon da ya rasu a ƙauyukan nan, da kalmominsa da tatsuniyoyinsa yake tafiya. Sashen harsuna da ya sa a tsarinsa cewa zai naɗi muryoyin tsofaffi, ya haɗa ƙamus, ya horar da 'ya'yan yankin su yi aikin da kansu, yana tsere ne da lokaci.

Kuma ƙasar nan ba baƙuwar ilimin jami'a ba ce. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu ɗan Ngaski ne. Bincikensa na farko a kan tarihin Yauri ya yi shi, daga nan ya faɗaɗa har ya rubuta The Hausa Factor in West African History, wanda ya fito a 1978, sannan ya shugabanci jami'ar Sakkwato a shekarun 1980. Mai martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ma ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a shekarun 1990 kafin ya hau karaga. Ƙasar da ta ba jami'a guda shugabanni biyu, ai ta cancanci jami'o'i su waiwaye ta.

Tsari shi ne iya cewa a'a

Yanzu na jero abubuwa da yawa, kuma a nan ne tarko yake. Sashe ɗaya ba zai iya duka ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wahalar tsarin dogon zango ita ce zaɓi: mu malamai goma sha biyu ne, kuɗinmu kaɗan ne, to a wane abu ɗaya ko biyu za mu yi fice? Zaɓin nan yana da ɗaci, domin wani babban malami zai ga an bar fanninsa a baya, wani zai ga an tura yaro karatu a fannin da ba nasa ba. Shi ya sa tsare-tsare da yawa suke zama jerin kowa da abin da yake so, don kada a ɓata wa kowa, a ƙarshe kuma ba a cimma ko ɗaya ba.

Waɗanda suka zaɓa, mun ga inda suka kai. Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama a 2012. Ta tsaya a kan abu guda da ya dace da inda take, kuma cikin 'yan shekaru ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafa wa, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen maƙwabta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta tsaya a kan amfanin gonar Arewa, shi ya sa manomi ke shuka irin masara da wake masu ɗauke da sunanta, har da waken nan mai jure tsutsa da aka fitar a 2019. A Amurka ma, dokar 1862 da ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, manufarta kenan: makaranta ta yi wa manoman jiharta aiki.

Sai kuɗi. Albashi gwamnati ke biya, amma yawancin gine-gine da tura malamai ƙaro karatu a jami'o'in gwamnati daga asusun TETFund suke fitowa. Asusun ya samo asali a 1993, aka sake masa fasali a 2011, kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023. Yana da kason gine-gine, da na horar da malamai, da na bincike. To idan kason jami'a ya iso, sassa da yawa ne ke miƙa hannu. Sashen da ya zo da takarda mai cewa ga malamai biyu da muke son turawa, ga fannin, ga dalilin, ga shekarar da za su dawo su maye gurbin wane, ya fi wanda ya zo da baki kawai damar samu. Haka masu ba da tallafi na waje, abin da suke fara tambaya kenan.

Bari in zana muku yadda zai iya kasancewa, a misalce. Sashen kiwon kifi ya ce burinsa nan da shekara biyar, duk mai neman sahihin bayani a kan kifin ɓangaren Kebbi na tafkin Kainji, wurinsa zai zo. Shekarar farko: ƙidayar malamai da shekarun ritayarsu, ƙidayar kayan aiki masu rai da matattu, da rattaba hannu a yarjejeniya da cibiyar New Bussa. Shekara ta biyu: malamai biyu su tafi digiri na uku, a gyara tafkunan gwaji, a shigar da kwasa-kwasan tafki cikin kashi 30 ɗin nan. Ta uku: ɗaliban shekarar koyon aiki su fara ɗaukar alƙaluman kifi a mashigai, tare da sarakunan ruwa da masunta. Ta huɗu: rahoton farko, da Turanci don masana, da Hausa don masu ruwan. Ta biyar: tantancewa ta zo ta tarar da komai a wurinsa. Kowane layi da sunan mai yi, da wata, da kuɗi. Kuma duk ƙarshen shekara a zauna a duba: me muka ce, me muka yi?

Abin da ke kashe tsari

Na farko, canjin shugabanci. A jami'o'i da yawa wa'adin HOD shekara biyu ne, tsari kuma na biyar. In tsarin na mutum ɗaya ne, yana sauka ya sauka da shi. Maganin shi ne majalisar sashe gaba ɗaya ta tattauna ta amince, ya zama na kowa.

Na biyu, yajin aiki. A 2020 an yi kusan wata tara, a 2022 wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Gwajin da aka faro a gona ko a ruwa ba ya jiran a janye yajin aiki.

Na uku, ɗaukar ɗalibai fiye da ƙima. Sashe ya yi lissafin 60, a turo masa 150, duk lissafin malami da ɗalibi ya rushe.

Na huɗu, tafiyar malamai. A kashe kuɗi a horar da mutum, ya dawo, albashi ya gaza, ya kama hanyar wata ƙasa.

Na biyar, tsaro. Ba mu manta da 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Duk sashen da zai tura ɗalibai ƙauye dole tsarinsa ya faɗi inda za a je, da wanda za a tuntuɓa, da abin da za a yi in hanya ta ƙi.

Sashe ba shi da iko a kan yawancin waɗannan. Amma wanda ya sa su a lissafi tun farko, in sun zo zai san abin da zai jinkirta da abin da zai kare ko ta halin ƙaƙa. Wanda bai sa ba, duk iskar da ta kaɗa sai ta juya shi.

Kai fa, mene ne naka?

In kana shirin cike JAMB, kafin ka zaɓi kwas ka binciki matsayin tantancewarsa a jami'ar da kake so, NUC na wallafa sakamakon. Ka tambayi 'yan aji uku da aji huɗu na sashen: malamai nawa ne ke shiga aji da gaske? Sau nawa kuka taɓa na'ura da hannunku? Ina ake tura ku koyon aiki? Waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce, me suke yi yanzu?

In kana ciki, ƙungiyar ɗaliban sashenku tana da bakin magana. Ku nemi ganin HOD cikin ladabi, ku ce ranka ya daɗe, muna son mu san inda sashenmu ya dosa, kuma yaushe ne tantancewa ta gaba. Masu tantancewa sukan gana da ɗalibai, kuma gaskiyar da kuka faɗa a ranar ƙannenku za ta amfana.

In lokacin furojet ya zo, 'yan Yauri da Ngaski da Shanga, ku kai matsalar gida teburin malaminku. Albasar babanka da ke ruɓewa, kifin da mamanki ke bandawa, harshen kakarka da kai ba ka iya ba, duk abin bincike ne. Ya fi ka kwafo aikin wani daga intanet ka canja sunan gari.

In kuma ka gama, kada ka yanke zumunci da sashenka. Sashe ba zai san ko abin da yake koyarwa yana aiki ba sai tsofaffin ɗalibai sun dawo sun ce kaza ya amfane mu, kaza kuma ba mu taɓa buƙatarsa ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari da masarautu su ma za su iya rubuta wa sassan Aliero da Kalgo da Zuru, su ce ga tambayoyinmu, ga masauki in ɗalibanku za su zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan zan dakata. Wanda yake karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in nan, ina son in ji daga gare shi: ka taɓa ganin tsarin sashenku a rubuce? Kuma a cikin kwasa-kwasanku, akwai wanda ya taɓo garinku? Ku tura wa ƙannenku masu shirin shiga jami'a wannan rubutu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.